Layin Gwauraye

Kakata ba ta iya tatsuniya tana zaune haka kawai ba. Sai hannunta na kan wani aiki bakinta yake buɗewa. Shi ya sa mu yaran gidan muka fi ɗokin ranar dafa kalwa a kan kowace rana. Sana'arta daddawa ce. Tun hantsi take ɗora babbar tukunya a murhun da ke bayan ɗakinmu, kuma wutar ba ta mutuwa sai an ci tuwo an wanke kwanuka. Dole wani ya zauna yana iza itace yana ƙara ruwa, ita kuwa ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya.

A Samaru muke lokacin, a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da iyalai huɗu. Sunanta Saratu, amma kowa a unguwar Kaka yake ce mata, har fasto. Ita ta haifi Babanmu, Malam Bitrus, malamin firamare. Da yake shi ne ɗanta na fari, ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Malam take ce masa, kamar yadda ɗalibansa suke faɗi. Shi kuma ya ce mata Iya.

Da an gama cin tuwo, ni da ƙanwata Rahila da 'ya'yan maƙwabta sai mu jawo tabarma. Yawanci an ɗauke wuta, hasken murhun kaɗai ke nuna mana fuskarta. Muryarta a dishe take saboda hayaƙin shekaru. Takan gyara zama a kujerarta ta tsuguno, ta ce, "To, ga ta nan tafe, ku matsa mata ta samu wuri." Mu ce, "Ta zo ta zauna, mu ji ta." Tana iya tsayawa a daidai inda kura ta buɗe baki, ta ɗauki ludayi ta duba kalwa, ta ɗanɗana, ta tofar, mu kuwa kamar mu yi kuka. Na ji tatsuniyoyi da yawa a wurin nan, mafi yawansu sun tsere mini. Guda ɗaya ce ta ƙi tafiya, kuma ita ce wadda ba don mu ta yi ta ba.

Shekarata tara a lokacin. A farkon shekarar dubu biyu ne, bayan Kaduna ta rikice. Mu a Zariya an zauna cikin tsoro, amma abin bai iso ƙofarmu ba. Mutane ne suka iso. Wasu a bayan motar itace, wasu da kayan da ke jikinsu kaɗai. Kowa ya nemi inda yake da ɗan uwa ko tsohon sani ya raɓa, a Samaru, a Jama'a, a Sabon Gari. Majami'u kaɗan suka haɗa kai, aka tara masara da shinkafa da man ja da sabulu, aka kafa kwamitin rabo. Da aka zo neman shugaba, ba a yi gardama ba. Kowa ya san Malam Bitrus ba ya cin abin wani. Ko allin makaranta ya tarar a aljihunsa, washegari sai ya mayar.

Baba ya ɗauki aikin da dukan ƙarfinsa. Ya sayi babban littafi ya rubuta sunan kowane gida. Ya tsara cewa ranar Asabar da safe za a riƙa rabo a harabar wata majami'a a Sabon Gari. Za a kira suna a lasifika, mai suna ya fito da kansa ya karɓa, ba aike. Ya raba layi biyu: na iyalai, da na gwauraye, wato matan da suka rasa mazajensu. Su gwaurayen ya sa a fara sallamarsu, a kuma ƙara musu mudu biyu. Wanda aka kira Asabar uku a jere bai zo ba, a soke sunansa, a ba wani gurbin, don masu jira suna da yawa. Kowa ya yaba tsarin. Ba a taɓa jin an ce shugaba ya fifita ɗan cocinsu ko ɗan garinsu ba.

Amma aikin ya cinye shi. Ya tashi makaranta ya hau keke zuwa taro, ya dawo idanunsa sun faɗa. Mutane suna tare shi a hanya, suna biyo shi gida. Mutumin da a da yake ɗaukar Rahila a wuya ya zagaya tsakar gida, ya koma ba ya son a yi masa magana sau biyu. In wani ya fara ba shi labarin abin da ya same shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sunanka yana littafi? To, ka zo Asabar."

Wata Litinin Kaka ta dawo daga kasuwar Sabon Gari, inda take kai wa masu kayan miya daddawa. Ta shigo ba waƙa a bakinta, ba ta kawo mana rake ba. Washegari ta ɗora kalwa, alhali wadda ta rufe kwana biyu da suka wuce ba ta ma zama daddawa ba tukuna. Mamanmu ta dube ta.

Lokacin zafi ne, don haka muka shimfiɗa tabarmar nesa da murhu. Baba yana zaune a bakin ƙofa da fitilar ƙwai, littafin sunaye a cinyarsa, yana ja da jan biro. Kaka ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, sai dai ta ɗaga murya fiye da kullum.

Ta ce wata shekara aka yi fari a daji, ƙoramu suka ƙafe. Namun daji suka haɗu suka haƙa rijiya guda, suka ce sai an naɗa mai kula da ita, wanda ba zai yi son kai ba. Zaki mafaɗaci ne, kura ba a ba ta amana, dila wayonsa ya yi yawa. Sai aka zaɓi raƙumin dawa. Ba ya cin naman kowa, ba ya gaba da kowa, ga shi yana hango nesa.

"Mugu ne, Kaka?" in ji Rahila.

"Ko kaɗan. Mutumin kirki ne. Da mugu ne ai da labarin ya yi sauƙi."

Raƙumin dawa ya sa aka gina kwami a gefen rijiyar, aka ɗaga bakinsa sama don kada ƙasa ta ɓata ruwan. Ya kafa doka ɗaya ga kowa: sau ɗaya a rana, babba da yaro, ba wanda zai wuce wani. Shi kansa sai kowa ya sha yake sha. Kullum yana tsaye a rana yana kiran suna. Giwa ta zo ta sha, ɓauna ta sha, barewa ta ɗan yi ɗage ta sha. In ya kira bushiya, sai ta zo ta tsaya a gindin kwamin, ta yi 'yan maganganu, ta juya. Daga can sama shi dai yana ganin ta zo ta tafi, sai ya ce a ransa ta sha. Da ta daina zuwa, ya ce to, ta samu wani ruwan ke nan.

Kaka ta tsaya ta iza itace. Na lura biron Baba ya daina motsi.

Ta ce ana nan sai kunkuru, wanda shi ma bai kai bakin kwamin ba, amma yana da taurin kai, ya zo ya kama cizon kofaton raƙumin dawa. Ya cije shi yau, ya cije shi gobe. Ran na uku raƙumin dawa ya ce bari ya ga abin da ke damun ƙafarsa. Ya sunkuyo, wuyan bai kai ba. Sai da ya ware ƙafafunsa na gaba, gwiwoyinsa suna rawa, jini ya taru masa a ka, sannan kunnensa ya iso ƙasa. Da ya iso can, ya ga abin da bai taɓa gani ba: daga ƙasa, kwamin nan katanga ce. Ya ji kunkuru yana cewa bushiya tana rami da 'ya'yanta huɗu, rabonsu da ruwa an kwana biyu.

"Sai ya kai musu ruwa," na ce, don na san yadda tatsuniya take ƙarewa.

"Ya kai," in ji Kaka. "Ya guntsa a bakinsa ya kai har bakin ramin. Uku suka sha."

Muka yi shiru muna jiran na huɗun. Ba ta ce komai a kansa ba. Ta ce tun daga ranar, raƙumin dawa in zai sha ruwa sai ya ware ƙafafu ya kai kansa ƙasa, kuma duk dajin an san a lokacin ne ya fi sauƙin kamuwa. "Ni dai nan na baro su," ta ce. "Ku tashi ku wanke ƙafa."

Rahila ta fara ƙunƙuni wai tatsuniyar ba daɗi. Ni na yi kamar ina naɗe tabarma.

"Iya," in ji Baba daga bakin ƙofa, "da ni kike?"

"Ni da yara nake."

Ta ɗebi ruwa ta ƙara a tukunya.

"Malam, a littafin nan naka akwai wata Mama Ngozi?"

Ya buɗa shafi. "Akwai. Na soke ta Asabar ɗin da ta wuce. Sau uku ana kiranta. An ce ranar farko ta zo, tana jin sunanta ta juya ta tafi. Iya, mutum nawa ke roƙon gurbin nan? In ta fi ƙarfin abin da muke bayarwa, ai ba dole."

"Jiya na ga 'yarta a layin masu hatsi tana tsintar masarar da ta zube. Sa'ar Hanne ce." Ni ke nan. "Na bi ta har inda suke."

"To me ya hana uwar zuwa?"

"Ba ni zan gaya maka ba. In na gaya maka, rubutawa za ka yi. Ka je ka ji da kunnenka."

"Iya, gida nawa zan bi? Ni kaɗai ne."

"Na sani," ta ce. "Na ga yadda ka rame. Wannan ɗayan dai ka je."

Washegari da ya tashi makaranta muka tafi mu uku, don Kaka ta ce bai kamata namiji ya shiga wurin mace shi kaɗai ba, ni kuma ina riƙe mata hannu wajen hawa da saukar bas. Muka sauka, muka taka zuwa Dogarawa, wata unguwa a gefen Sabon Gari. Gidan wata tsohuwa ce, Iya Habi, wadda ta yi maƙwabtaka da iyayen Mama Ngozi shekaru da yawa. A Sabon Gari aka haifi Mama Ngozi, nan ta girma, aure ne ya kai ta Kaduna. Iyayenta sun rasu. Da ta gudo da 'ya'ya uku, ƙofar Iya Habi kaɗai ta sani. Tsohuwar ta kwashe buhunan gawayi daga wani ɗan ɗaki ta ba ta, suna raba ɗan abin da ta samu, wanda ko ita kaɗai bai isa ba.

Muka same ta zaune a kan tabarma, jinjiri a cinya. Ban taɓa ganin yaro haka ba. Ba ya kuka, bakinsa kawai yake buɗewa. Ta gaishe da Kaka da Hausarta tas, irin ta 'yan Sabon Gari. Da ta ga Baba, fuskarta ta rufe.

"Sannu, Madam. Ni ne Malam Bitrus, na kwamitin rabo."

"Na gane ka, Malam. Kai ne mai lasifika."

Babu kujera a ɗakin. Baba ya tsaya jim, sannan ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, da wandon makarantarsa mai guga.

"Mun yi ta kiranki ba ki zo ba. Na zo in ji ko lafiya."

Ta kalli jinjirin. Sannan ta ce, "Malam, ka ga gawar mijina?"

"A'a."

"Wani ya ce maka ya gani?"

"A'a. Wanda ya kawo sunanki ya ce tun ranar rikicin ba a ji ɗuriyarsa ba. Sai na ga..."

"Sai ka ga ka kashe shi."

Ba da ihu ta faɗa ba. Muryarta a kwance take, kamar wadda ta maimaita maganar a ranta har ta gaji da ita. Ta ce mijinta Emeka kafinta ne. Da safen ranar rikicin ya ce mata ta kwashi yara ta bi maƙwabta, shi zai je ya rufe shago ya biyo su. Sun yi da shi in sun rabu, a haɗu a Sabon Gari, gidan Iya Habi. Kullum da safe takan je tasha ta tsaya har rana ta yi zafi. Ran Asabar ɗin farko ta je wurin rabo da babbar 'yarta Ngozi. Tana tsaye sai ta ji an ce, gwauraye su matso, sunanta ne na uku. Ngozi ta ja zanenta ta ce, Mama, Papa ya mutu ne?

"Me zan ce mata, Malam? In na shiga layin nan na miƙa hannu, na yarda ke nan. Na sayar da shi a kan mudu biyu. In ya dawo gobe ya ji, da wane ido zan dube shi?"

Na san abin da Baba yake so ya ce, don na ji shi yana gaya wa Mamanmu a gida: shi da kansa ya kawo shawarar ƙarin mudu biyun, sai da ya yi gardama da 'yan kwamiti kafin suka yarda. Alheri ya nufa. Amma bai faɗa ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

"Na yi miki laifi," ya ce. "Ban tambaye ki ba. Ki yafe mini." Ya jawo littafin daga jaka. "Yaya kike so in rubuta ki?"

"Matar Emeka."

Ya rubuta a gabanta, ya juya mata littafin ta gani. Sai a lokacin ta yi kuka. Kaka ta karɓi jinjirin, ta taɓa maɗigarsa, ta ce da Baba, "Wannan ba na jiran Asabar ba ne." A ranar aka kai shi asibiti. Ya kwana shida, ya tashi. Kaka ta yi wata guda tana dama kunun gyaɗa tana hawa bas da shi har Dogarawa, gwiwoyinta suna kumbura, don nonon uwar ya dawo.

Zan so in ce daga nan komai ya gyaru, amma ba haka aka yi ba. Baba ya hana kiran gwauraye a lasifika, ya haɗe layin ya zama ɗaya, ƙarin kuma a kai wa mutum gida a asirce. Ya fara bin gidaje da yamma a kan keke. Da ya fara zama yana saurare, sai labarai suka yi masa yawa. Wannan ba ta zuwa don ba ta da zanen fita. Wancan tsoho ne, ba ya iya tsayuwa a layi. Wani kuma a da shi ke ba coci buhu-buhu, ya gwammace yunwa da a kira sunansa. Baba yakan dawo ya zauna a gaban tuwo ya kasa ci. Wasu suka gane zuciyarsa ta yi laushi, suka zo da ƙarya. Wani mutum ya karɓi rabon gida biyu da hawayen da ba na gaskiya ba, abin ya fito fili. A taron kwamiti aka ce Malam Bitrus ya lalata tsarin da shi ya kafa, yanzu sai wanda ya iya kuka ke samu. Wani dattijo ya tambaya a gaban jama'a me ya sa shugaba yake yawan zuwa Dogarawa. Kafin damina ta yi nisa aka ce an gode masa, ya huta, aka naɗa wani.

Ranar da ya dawo da labarin, Kaka tana surfa kalwa. Ya tsaya a kanta ya ce, "To, Iya, na sunkuya. Sun kama ni."

Ba ta daina surfen ba. "Ai na faɗa a tatsuniyar," ta ce. "Ban ɓoye maka ba." Da ya shige ɗaki, na ga ta ajiye taɓarya ta share ido da bakin zane. Ba ta ƙara yin tatsuniyar nan ba har ta rasu.

Emeka bai dawo ba. Mama Ngozi ta samu tebur a kasuwa tana sayar da garin kwaki da busasshen kifi. Ta rage zuwa tasha, daga kullum zuwa ran Lahadi, daga nan ta daina. Bayan shekara biyu da wani abu, wata Lahadi da yamma, ta zo gidanmu a Samaru da yaranta uku, sun yi wanka sun sa kayan coci. Ta durƙusa ta gaishe da Kaka, ta juya wurin Baba. Ta ce ta yi magana da dangin mijinta, za a yi masa addu'ar bankwana a coci, ba gawa. Tana so Baba ne zai tashi ya karanta sunansa.

"Kai ka fara faɗa, ban shirya ba," ta ce. "Yanzu na shirya. Ka zo ka faɗa."

Ya je. Muryarsa ta karye a tsakiyar sunan, sai da ya sake.

Yau ni ke shugabantar wani ɗan ofis a Unguwar Gabas, inda muke taimaka wa matan da aka danne wa haƙƙi: wadda dangin miji suka kora daga gida, wadda aka sallama daga aiki don ta yi ciki, wadda aka ƙwace wa gona. Mu huɗu ne, matan da ke zuwa ba su ƙirguwa. Ni ma ina da fom, ina da ranakun ganin mutane, ina da dokar da ta hau kowa. Ba zan iya aikin ba sai da su. Lokacin da nake yarinya na ɗauka tatsuniyar Kaka tana nufin shugaba ya zama mai tausayi, shi ke nan. Amma Baba ai mai tausayi ne tun farko. Tausayi ne ya sa shi ƙara mudu biyu. Abin da bai yi ba shi ne ya je inda matar take ya ga yadda alherinsa yake in an kalle shi daga can. Wannan kuwa ba halin da ake haifar mutum da shi ba ne. Aiki ne, kullum sai an sake shi daga farko, kuma yana gajiyarwa fiye da yadda ake faɗa a tarurrukan da ake gayyatarmu.

Akwai ranakun da mace za ta zauna a gabana ta fara daga ranar da aka ɗaura mata aure, ni kuwa layi uku kawai nake nema in cike a takarda. Ina jin hannuna yana so ya ɗagu yadda na Baba yake ɗaguwa. Wani lokaci na kan danne shi. Wani lokaci ba na iyawa, sai na koma gida in kwanta ina tunanin me take shirin faɗa da na katse ta. An yi mini ƙarya ni ma, fiye da sau ɗaya, kuma kowace ƙarya tana sa kunnena ya ƙara nauyi ga wadda za ta zo bayanta, wadda ba ta yi mini komai ba.

Baba ya yi ritaya, yana Samaru har yanzu, idonsa ɗaya ya yi hazo. Kwanakin baya na je gaishe shi bayan wani mako da ya kusa sa ni ajiye aikin. Muna zaune a inuwa na tambaye shi ko ya taɓa yin da-na-sanin sauraron Kaka. Da ya tsaya a kan tsarinsa, da ba a cire shi ba, da ba a ɓata masa suna ba.

Ya yi 'yar dariya. "Cirewar ba ta dame ni ba, Hanne. Na gaji a lokacin, hutu suka ba ni ba su sani ba."

Ya murza gwiwarsa.

"Abin da ban taɓa gaya muku ba, Asabar ɗin da na soke Mama Ngozi, ba ita kaɗai na soke ba. Su biyar ne. Bayan mun dawo daga Dogarawa na bi sauran. Na samu uku. Ta ƙarshen, an ce tana zaune a wani kango a unguwar Jama'a da yara biyu. Da na je, aka ce ta tashi kwana huɗu da suka wuce, ba wanda ya san inda ta nufa. Na tambaya a coci-coci, na tambaya a tasha."

"Ba ka same ta ba?"

Ya girgiza kai.

"Talatu Markus," ya ce. "Ban taɓa ganin fuskarta ba. Har yau ban san me ya hana ta zuwa ba."